Karatun tallafi ga yaran da aka bari baya a lakwal: yadda yake da inda za a nema a Geskeru da Difa

Akwai tambayar da iyaye ke yawan kawo mana, ko a kasuwa ko ta waya: yaro ya yi shekara huɗu yana zuwa lakwal, kullum da jakarsa, amma a ba shi takarda ba ya iya haɗa kalma guda. To me za a yi? A cire shi ya tafi gonar tattasai, ko akwai wata dabara?

Dabara akwai, sunanta karatun tallafi. Mun tattara bayaninsa wuri guda domin wanda ya ji a rediyo ya samu inda zai koma ya duba, wanda kuma ba ya karatu ya sa a karanta masa.

Mene ne karatun tallafi

Karatun tallafi shi ne ƙarin lokacin koyo da ake ba yaron da ke cikin makaranta amma ajinsa ya wuce shi. Malamai kan ce masa kur, wasu su ce karatun yamma. Ana yin sa bayan an tashi, ko ranar Asabar, ko cikin hutu, wani lokaci kuma cikin sa'o'in aji idan darakta ya ware masa lokaci.

Bambancinsa da karatun aji shi ne inda ake farawa. A aji, mushe ko madam na bin tsarin shekara: yau shafi kaza, gobe na gaba, ko yaro ya gane ko bai gane ba. A karatun tallafi kuwa ana komawa daidai wurin da yaron ya tsaya. In ɗan CM1 ne amma baƙaƙe ne suka gagare shi, to daga baƙaƙe za a fara, ba kunya a ciki.

Ga waɗanda ba su saba da tsarin ba: firamare a Nijar aji shidda ne, wato CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. A ƙarshe akwai jarabawar CFEPD, wadda aka daina yi na wasu shekaru sannan aka dawo da ita a 2024. Daga nan sai koleji, shekara huɗu, a rufe da BEPC. Duk abin da yaro bai kama ba a CI da CP shi ne ke bin sa har can. Wanda bai iya karatu ba, ba zai gane tambayar lissafi ba, ba zai kwafe darasin tarihi daidai ba.

Girman matsalar

Kada wani uba ya ɗauka ɗansa kaɗai ne. Akwai wani bincike mai suna PASEC da ake yi a ƙasashen Afirka masu karatu da Faransanci. A zagayen 2014, cikin kowane yara 100 na ƙarshen firamare a Nijar, waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai 10 ba, haka ma a lissafi. A zagayen 2019 abin ya ɗaga, karatu ya kai kimanin 30 cikin 100, lissafi bai kai haka ba. An ci gaba, gaskiya ne, amma har a lokacin mafi yawan yara na kai wa CM2 ba tare da sun iya karanta labari su gane shi ba.

Wannan lissafin na ƙasa ne baki ɗaya. Mu nan jihar Difa muna da namu nauyin a kai.

Me ke sa yaro ya faɗa baya a yankinmu

Na farko rashin tsaro. Tun harin 6 ga Fabrairun 2015 a Boso da Difa, da dokar ta-ɓaci da ta biyo baya, karatu bai sake zama yadda yake ba. Cikin wannan shekarar makarantu sama da 150 suka rufe a jihar, yara fiye da 12,000 suka zauna gida. Garuruwan bakin kogi suka tashi, jama'a suka koma kan babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1, wurare irin su Asaga, Ngagam, Kinjandi da Garin Wanzam. Harin Boso na Yunin 2016 ya ƙara yawan masu gudu, hare-haren Maris na 2019 kuma suka sake tayar da mutane a cikin ƙaramar hukumar Geskeru. Yaron da ya canza makaranta sau uku cikin shekara huɗu, ina zai haɗa karatu?

Na biyu ruwa. Komadugu ya yi ambaliya a 2019, ya sake a 2022. A 2024 kuma ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta a duk ƙasa daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Ko a shekarar da ba ambaliya, ajin rumfa sai an jira kara da zana bayan girbi, da ruwan farko ya sauka kuma an tashi. Shekarar karatu sai ta gajarce ta gaba da ta baya.

Na uku harshe. Yaro ya tashi da Kanuri ko Fulatanci ko Hausa, wani Tubanci ko Larabci, ya shiga aji ana yi masa Faransanci. Aiki biyu ke nan a kansa lokaci guda: koyon harshe da koyon karatu. Tun 1973 Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida, a Damagaram aka soma, kuma Kanuri na cikin harsunan da aka yi aikin da su. Amma makarantu da yawa har yanzu da Faransanci suke farawa. Yaran da suka tsallako daga Borno da Yobe kuwa, wasunsu da Turanci suka fara, sai ga shi an juya musu harshe.

Na huɗu aikin gida. Lokacin tsinkar tattasai da shanya shi, lokacin shinkafa, kiwo, ɗiban ruwa, talla, renon ƙanne. Babu wanda ke musun cewa gida na bukatar hannu. Sai dai fashin kwana biyu kowane mako, in aka tara, wata biyu ke nan ko fiye cikin shekara.

Na biyar jiki da zuciya. Yunwa, zazzaɓin cizon sauro, ido da ba ya ganin allo daga baya, kunne da ba ya ji sosai. Akwai kuma yaron da ya ga abin da bai kamata ya gani ba lokacin gudu: yana zaune a aji, hankalinsa na wani wuri, ƙara kaɗan sai ya firgita. Irin wannan yaron bulala ba ta ƙara masa komai sai tsoro.

Na shidda makarantar kanta: aji cike maƙil, littafi ɗaya ga yara da yawa, malamin da aka turo daga nesa bai jin harshen garin, ko wanda ya makara zuwa saboda hanya.

Duk cikin dalilan nan babu inda aka ce yaron daƙiƙi ne. Wannan kalmar ita ce ta fi kowace saurin raba yaro da lakwal.

Gwajin da kowa zai iya yi

Kafin a nemi magani sai an san ciwon. Makin da ke cikin takardar sakamako ba ya faɗin komai da komai, domin yaro na iya haddace darasi ya maimaita ba tare da ya iya karanta shi ba. Akwai gwaji mai sauƙi, bai wuce minti goma ba, kuma duk wanda ya yi koleji zai iya yi wa yaro.

A karatu matakai biyar ne. Na ƙasa: bai san baƙaƙe ba. Na biyu: ya san baƙaƙe. Na uku: yana karanta kalmomi. Na huɗu: yana karanta jimloli uku ko huɗu a jere. Na biyar: yana karanta ɗan gajeren labari, in an tambaye shi abin da ya faru a ciki ya faɗa, ko da harshen gida ne. A fara da jimlolin. In ya wuce, a hau sama. In ya kasa, a sauko ƙasa har a samu inda yake tsaye da ƙafarsa.

A lissafi ma haka: lambobi daga 1 zuwa 9, sannan daga 10 zuwa 99, sannan tarawa, sannan ɗebewa mai aro, kamar 52 a cire 17, sannan rabawa.

Sharuɗɗa biyu ne. Kada a yi amfani da shafin da ya riga ya haddace, kuma kada a yi gwajin gaban taro ko da sanda a hannu. A rubuta ranar da matakin da ya tsaya, a ajiye. Bayan wata biyu a sake.

Abin da aka gwada nan Difa

Ba daga wata duniya muka jiyo labarin ba. A shekarar karatu ta 2016 zuwa 2017, ƙungiyar IRC, tare da masu bincike na jami'ar New York ta Amurka, da kuɗin ƙungiyar Dubai Cares, sun yi karatun tallafi a makarantun gwamnati 30 na jihar Difa. An gwada yaran CP zuwa CE2, aka tarar mafi yawansu suna bukatar taimako, fiye da wuraren da ake da su. Sai aka jefa ƙuri'a aka ɗauki 1,800, cikinsu da ƴan gari, da ƴan gudun hijirar cikin gida, da waɗanda suka zo daga Najeriya.

Tsarin shi ne awa 6 kowane mako har tsawon mako 22, wato awa 132 ke nan, a ƙananan rukuni, ana koyon karatun Faransanci da lissafi. An kuma horar da masu koyarwar kan yadda za su riƙe aji cikin natsuwa, yaro ya ji ba a tsangwamarsa. Da aka auna a ƙarshe, yaran da suka samu tallafin sun fi takwarorinsu da ke jiran layi, a karatu da lissafi duka. Wasu rukunin an ƙara musu ƴan mintoci na motsa numfashi domin kwantar da hankali, da wasannin kaifafa tunani. Su kuma makinsu na makaranta ya fi kyau.

Darasin da muka ɗauka: yaran nan namu, da duk abin da ya same su, suna kamawa idan aka ba su lokaci na kullum da malami mai haƙuri. Darasi na biyu kuma: aikin ƙungiya yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. In gari bai riƙe abin da hannunsa ba, da motar ta tafi shi ke nan.

Hanyar kwamitin makaranta

Nan ne maganar CGDES ta shigo, wanda tsofaffi suka fi sani da tsohon sunansa COGES. Kwamiti ne na kowace makarantar firamare ta gwamnati, da ya haɗa iyaye, da darakta, da wakilin malamai, da wakiliyar ƙungiyar iyaye mata ta AME. Ana zaɓen shugabanninsa a babban taron gari, kuma kwamitocin ƙaramar hukuma guda suna da tarayyarsu.

Tsarin ya samu ƙarfi ne ta wani aiki mai suna Makaranta Domin Kowa, wanda hukumar JICA ta ƙasar Japan ta fara da ma'aikatar ilimi a jihar Tawa a 2004, daga baya ya bazu ƙasa baki ɗaya. Daga cikinsa aka fito da abin da malamai ke kira PMAQ. Matakansa huɗu ne, kuma kowane gari zai iya bi:

Na ɗaya, a gwada duk yaran makarantar. Na biyu, a kira taron gari a faɗi sakamakon a fili, aji aji, ba tare da kiran sunan yaro don a kunyata shi ba. Na uku, taron ya yanke: awa nawa za a ƙara a mako, a ina, wa zai koyar, me za a saya, kowa nawa zai ba da. Na huɗu, bayan ƴan watanni a sake gwaji, a dawo gaban jama'a a faɗi abin da ya canza da inda kuɗi suka shiga.

Masu koyarwar ba lallai malaman gwamnati kaɗai ba. Saurayi ko budurwar da ta kai ajin ƙarshe na koleji, tsohon malami da ya yi ritaya, ɗalibin lise da ya zo hutu, duk suna iya riƙe rukuni idan malami ya nuna musu hanya yana kuma leƙa su.

Raba yara bisa mataki

Sirrin aikin yana cikin yadda ake zaunar da yaran. Maimakon a ce ƴan CE1 nan, ƴan CM1 can, sai a ce masu baƙaƙe nan, masu kalmomi can, masu jimla can. Ɗan shekara takwas da ɗan shekara sha biyu na iya zama tabarma guda in matakinsu ɗaya. Da yaro ya ƙware sai ya hau rukuni na gaba, ba sai ƙarshen shekara ba.

Wannan hanya ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta fito da ita, ana kiranta TaRL, ma'ana koyarwa daidai matakin yaro. An auna ta sau da yawa a can, kuma masanan da suka yi fice wajen aunawar, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, suna cikin mutum uku da suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. A Nijar an haɗa ta da PMAQ, maƙwabtanmu na jihar Borno ma sun yi aiki da ita.

Kayan aikinta ba masu tsada ba ne: allo da alli, katuttukan baƙaƙe da aka yanka daga kwali, tsinke ko karan dawa da ake ɗaurewa goma goma domin yaro ya ga bambancin goma da ɗaya da idonsa. Ƙasa ma allo ce, ana rubutu da yatsa. Kuma ana barin yaro ya yi tambaya da harshen da ya iya.

Makarantar gada ga wanda ya riga ya fita

Karatun tallafi na wanda ke cikin aji ne. Wanda bai taɓa shiga ba, ko ya fita da jimawa har shekarunsa sun wuce na CI, hanyarsa daban ce. Ita ce ajin da ake kira paserel, wato gada. An faro tsarin a Mali a 2004 da tallafin gidauniyar Strømme ta ƙasar Norway, sannan ya shigo Burkina Faso da Nijar. Wata tara ake yi: wata biyun farko da harshen gida, sauran da Faransanci. A ƙarshe a gwada yaro a sa shi ajin firamare da ya dace da shi, ba sai ya faro daga ƙasa ba.

Wanda kuma ya girma sosai, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM, inda ake koyon ɗinki, walda, kafinta, gyaran inji da makamantansu. Ajin gada ba kowane gari ke da shi ba, kuma yakan buɗe ne gwargwadon tallafin shekarar. Ofishin sufeton makarantun firamare shi ke da labarin inda aka buɗe bana.

Rediyo, abinci da ƴan mata

Rediyo ma ya taɓa zama aji a nan. A 2017 hukumar UNICEF, da tallafin Tarayyar Turai, ta fito da darussa 144 na karatu da lissafi domin yaran jihar Difa da na arewa mai nisa ta Kamaru, cikin Faransanci, Fulatanci, Hausa da Kanuri. Irin wannan darasin ya fi amfani idan yara sun taru wuri guda, da allunansu, da babba guda da zai maimaita musu bayan an gama.

Abincin makaranta, irin wanda hukumar PAM ke tallafawa, shi ma tallafin karatu ne ko da ba a kira shi haka ba. Yaron da zai zauna har la'asar sai da abin da zai sa a ciki. Inda babu kantin, iyaye mata kan haɗa ɗan kunu ko dafaffen wake, kuma sau da yawa wannan ne ke riƙe rukunin.

Game da ƴan mata, akwai dokar gwamnati ta 5 ga Disamban 2017 da ta tanadi kariya da tallafi ga yarinyar da ke karatu. Amma a aikace, abin da ke hana yarinya zuwa karatun yamma shi ne lokaci: daidai sa'ar ɗiban ruwa da girki ne. Garin da ke son ƴan matansa su amfana sai ya zauna da iyaye mata a zaɓi sa'ar da ta dace, a wuri na kusa, a tashi kafin magariba, in da hali mace ta riƙe rukunin manyan ƴan mata.

Kur na kuɗi

A cikin garin Difa akwai masu zuwa gida su koyar a biya su a wata, akwai kuma kur na ƴan ajin jarabawa, CM2 da ajin BEPC da na Bak. Ba laifi ba ne, kuma wasu sun amfana. Sai dai a lura da abu uku. Mai kur da ke yi wa yaro aikin gida da hannunsa, kaye zai yi kyau, kan yaron kuwa babu komai. Mai kur da ke maimaita darasin ranar kawai ga yaron da bai san baƙaƙe ba, an zuba ruwa a rariya. Sannan ba daidai ba ne malami ya rage abin da ya kamata ya koyar a aji domin ya sayar da shi da yamma. In an ga haka, maganar ta kwamiti ce da darakta.

Kafin a fara biya, a yi gwajin nan na minti goma. Bayan wata biyu a sake. In yaro bai motsa daga matakinsa ba, a zauna a yi magana.

Ga ƴan uwa da ke nesa

Ku da ke Yamai, Damagaram, Maiduguri, Kano, Njamena, Libiya, Aljeriya ko Saudiyya, mun san kuna aiko da kuɗin makaranta, Allah ya saka. Shawararmu ita ce ku canza tambaya. Maimakon "yana zuwa lakwal?", ku ce "a ba shi waya ya karanta mini layi biyu". Saƙon murya na WhatsApp ya isa. Ranar da kuka ji da kunnenku, kun san inda aka kwana.

In kuna da ƙungiyar ƴan gari, kuɗin da za a raba wa yara biyar kowa da mai kur ɗinsa zai iya riƙe rukuni guda na yara ashirin. Ku bi ta kwamitin makaranta, a faɗi adadin a gaban taro, a rubuta. Abubuwan da suka fi bukata sanannu ne: alli, alluna, kaye da biro, littattafan karatu na matakin farko, tabarmi, rumfa, fitila mai aiki da hasken rana, da ɗan abin sabulu ga mai koyarwa a kowane wata. Wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa, kuma shi ne ke sa rukuni ya mutu a wata na uku. Ku nemi hoton takardar kiran suna da sakamakon gwaji sau biyu a shekara.

Aikin gida, ko ba a yi boko ba

Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana da rabonta a aikin. Ta ware wa yaro rabin awa kullum ba aike. Ta sa ya karanta da ƙarfi tana ji. Ko ba ta san Faransanci ba za ta gane mai tafiya sumul da mai tuntuɓe. Ta ce ya faɗa mata ma'anar da harshen gida. Uba ya sa shi lissafin buhunan tattasai, ko canjin Naira da Sefa, abin da yaran bakin iyaka suka riga suka iya da ka. A daidaita da malamin allo domin sa'o'in biyu kada su yi karo. Yaron da ya iya zama gaban allo ya riga ya san haƙurin koyo. In ana zargin ido ko kunne, a kai shi asibiti, a kuma roƙi malami ya dawo da shi layin gaba.

Abu mafi girma shi ne zuwa kullum. Awa ɗaya sau huɗu a mako ta fi awa huɗu rana guda, kuma rukunin da yara ke zuwa yau su fasa gobe ba ya kai kowa ko'ina.

Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa

A fara da malamin ajin: wane mataki yaron yake, kuma kwana nawa ya yi fashi? Daga nan darakta: akwai karatun tallafi a makarantar, yaushe, wa ke shiga? Sannan shugaban CGDES ko shugabar AME: an sa shi cikin tsarin aikin bana, yaushe ne babban taro? In makarantar ba ta da komai, iyaye na da ikon neman a kira taro a sa maganar a gaba. Abin da ya fi ƙarfin gari, kamar horar da masu koyarwa, littattafai ko ajin gada, sai a kai shi ga mai ba malamai shawara na yankin, da ofishin sufeto, da ƙaramar hukuma. Wanda ya canza wurin zama kuma ya nemi takardar shaidar makaranta daga tsohon darakta. In babu hali, ya kai yaron haka nan a gwada shi a ba shi aji.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne makonnin farko bayan komawa, tun kafin tsinkar tattasai ta kankama. Wanda ya jira sai watan jarabawa ya makara, amma ko shi gara ya fara da ya bari. Wanda garinsu ya gwada wannan tsari, ko ya yi kyau ko ya lalace, ya aiko mana da labarin domin sauran garuruwa su ji. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya zaunar da yankinmu lafiya.